Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kangaye a Kufan Kolmanskop

Kimanin kilomita 10 kafin a shiga garin Lüderitz da ke bakin Tekun Atlantika a kudancin Namibiya, matafiyi zai hango wasu manyan gidaje jere a gefen tudu, waɗanda daga nesa suke kama da unguwar ma'aikata da masu ita suka tafi ofis. Sai ya matso kusa zai lura cewa tagogi da yawa babu gilashi, kwanon rufi ya ɗaɗɗage, rairayi kuma ya shiga ɗakuna ya yi zamansa, a wasu wuraren har ya kusa taɓa saman ƙofa. Wannan shi ne Kolmanskop, garin da ya zama kufai, wanda masu sha'awar ɗaukar hoto suke yi wa tattaki daga ƙasashe masu nisa. Bayanin da ke tafe na mai ɗaukar hoto don sha'awa ne, wanda yake da kyamara ɗaya ko wayar hannu mai kyau, kuma yake son ya dawo gida da abin da zai nuna ba tare da ya riƙa cewa a ido ya fi haka kyau ba.

Sanin abin da ya faru da garin yana taimaka wa ido, don haka ya kamata a fara da shi. A shekarar 1908, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallakar Jamus, wani lebura mai aikin kwashe rairayi daga layin dogo, Zacharias Lewala, ya tsinci wani dutse mai ƙyalli ya kai wa shugabansa August Stauch, aka duba aka tabbatar lu'ulu'u ne. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Jamus ta killace yankin baki ɗaya ta sa masa suna Sperrgebiet, wato haramtaccen wuri, kuma cikin 'yan shekaru aka kafa gari a tsakiyar hamada mai asibiti da makaranta da tashar lantarki da gidan yin ƙanƙara da babban zauren rawa da wasanni, alhali ruwan sha kansa sai an ɗauko shi a jirgin ruwa daga Cape Town. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya arzikin ya soma ja da baya, a 1928 kuma aka gano lu'ulu'u mafi yawa can kudu kusa da bakin Kogin Orange, sai jama'a suka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan har iyalai na ƙarshe suka tashi a 1956. Masu kuɗi ne suka gina gidajen, da tsarin gidajen Jamus na wancan zamani, suka shafe bangon ciki da fenti shuɗi da kore da ruwan ƙwai, kuma da yake ruwan sama bai cika sauka a wurin ba, fentin da katakon sun daɗe fiye da yadda za su daɗe a ƙasa mai damina.

Kuskuren da akasarin baƙi suke yi shi ne su tsaya a waje su ɗauki gida daga ƙofar gida zuwa rufi, sannan su wuce na gaba, har su gama gari cikin sa'a ɗaya da hotunan da ba su bambanta da na tsofaffin gidajen ko'ina ba. A ganina hoton Kolmanskop yana cikin ɗaki ne, kuma abin da ake ɗauka a can shi ne yadda haske yake shigowa ta taga ko ta ɓarakar rufi ya kwanta a kan rairayi. Duk shawarwarin da ke ƙasa, daga lokacin tashi daga barci har zuwa inda za ka sa ƙafa, a kan wannan suka dogara.

Izini da lokacin shiga

Wurin yana cikin yankin da har yanzu ake tsaronsa saboda lu'ulu'u, saboda haka ba a shiga sai da takardar izini. Takardar baƙi ta yau da kullum ta safiya ce, daga wajen ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 1 na rana, akwai kuma takardar masu ɗaukar hoto, wadda ta fi tsada amma take ba mutum damar shiga tun fitowar rana ya zauna har faɗuwarta. Ita za ka nema, kuma ka karɓe ta tun ana gobe za ka shiga, domin kada ka isa bakin ƙofa da duku-duku ka tarar babu mai sayarwa. Idan hotunan na kasuwanci ne, ko kuma kana da niyyar tayar da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, wannan magana ce daban wadda sai an nemi izininta tun daga nesa kuma a rubuce.

Idan da hali ka ware wa wurin kwana biyu, tun da tafiyar daga Windhoek, babban birnin ƙasar, ta haura kilomita 800 a kan kwalta, kuma ba tafiya ba ce da mutum zai ce gobe ya dawo ya gyara. A rana ta farko ka shiga da takardar yau da kullum, ka bi jagoran da yake zagayawa da baƙi da hantsi ka saurari bayaninsa, sannan ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kana rubuta wane ɗaki ne tagarsa ta fuskanci ina. Alƙiblar da ke cikin wayarka ta wadatar da wannan aiki. Akwai abu ɗaya da yake rikita wanda ya taso daga arewacin duniya: Kolmanskop yana kudu sosai, ta yadda a kowace rana ta shekara, idan rana ta take, tana ɓangaren arewa ne na sararin sama. Tagar da ta fuskanci arewa ita ce mai samun rana kai tsaye, wadda ta fuskanci kudu kuwa haskenta mai laushi ne idan rana ta take, kuma irin waɗannan ɗakuna su ne za ka ajiye wa tsakar rana.

A rana ta biyu ka yi sallar asuba ka kama hanya, domin da sanyin safe ake kama fara. Dalilin sammakon bai tsaya ga kyawun hasken safiya ba. Iskar da take tasowa daga teku da yamma, wadda ta fi ƙarfi a watannin zafin ƙasar, wato ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwar shekara, tana kwana tana share sawun mutanen jiya tana sake zana rairayin da siraran layuka kamar saƙa. Wanda ya fara shiga ɗaki shi kaɗai ne zai same shi a haka, kuma da zarar motocin baƙi sun iso, cikin rabin sa'a ɗakunan da suka fi shahara sun koma kamar filin ƙwallon yara. Saboda haka idan ka ji iska tana kaɗa tagar masaukinka a Lüderitz da daddare kada ranka ya ɓaci, aikinka take yi maka.

Kyamara da rairayi

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Lensi mai faɗin gani, wanda ya fara daga milimita 16 zuwa 24 ko kusa da haka, shi ne zai yi kusan dukkan aikin cikin ɗaki, domin ɗakunan ba su da girma, rairayin da ya cika su kuma ya ƙara matse su. Sandar kyamara mai ƙafa uku ta fi lensi na biyu amfani, tun da da yawa daga hotunan za su bukaci kyamara ta buɗe ido na daƙiƙa ɗaya ko fiye, abin da hannun mutum ba zai iya riƙewa ba tare da rawa ba. Ka ƙara da batir na biyu, da katin memori mai sarari, da 'yar robar nan mai hura iska, da buroshi mai laushi, da manyan ledoji biyu ko uku masu zif. Fitilar kyamara kuwa ka bar ta a masauki, domin tana haske ɗaki ta ko'ina daidai wa daida, ta kashe inuwar da ka yi tafiyar dominta.

Rairayin wurin yana da laushi ƙwarai, yana shiga duk inda iska take shiga, kuma wanda ya san yadda ƙurar hunturu take kwanciya a kan kaya a ɗakin da aka rufe ya san rabin labarin, sai dai wannan yana da kaifi, yana kuma karce gilashi. Babbar doka ita ce kada ka canza lensi a cikin gari. Ni kaina abin ya taɓa ci na: na tsuguna a kusurwar wani ɗaki da nake ganin babu iska, na juya baya ga ƙofa, na cire lensi na sa wani cikin abin da bai fi daƙiƙa biyar ba, na ci gaba da aikina ina murna. Ban san na yi ɓarna ba sai da daddare, da na buɗe hotunan a kwamfuta na ga ɗige-ɗige baƙaƙe guda shida a wuri ɗaya a kan kowane hoto, tun daga wannan ɗaki har na ƙarshe, kuma sun fi fitowa a kan bango mai fenti fili inda babu abin da zai ɓoye su. Idan canjin ya zama dole ka koma cikin mota ka rufe gilasai, ka jira ƙura ta lafa, ka kifa bakin kyamara ƙasa sannan ka yi.

Haka nan kada ka ajiye jaka a ƙasa ka bar ta a buɗe, kuma kada ka goge lensi da tsumma ko bakin riga kafin ka hure shi da robar iska, domin gugar tana jan ƙwayar yashi a kan gilashi kamar sandfefa. Lensin zum da yake fita yana komawa yana shaƙar iska kamar zuga-zugi, don haka a rage wasa da shi idan iska ta taso, a rufe jikin kyamarar da leda a bar bakin lensi kawai. Game da mai ƙafa uku, ka fara zaro siraran ƙafafun ƙasa, ta yadda makullan za su tsaya sama da rairayi, sannan ka danna kowace ƙafa da ƙarfi har ta daina nutsewa, in ba haka ba kyamara za ta riƙa zamewa a hankali a tsakiyar ɗauka ba ka sani ba.

Haske mai yawa da duhu mai yawa a ɗaki ɗaya

A nan ne aikin yake da wuya, kuma a nan ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa. Idan ka tsaya a cikin ɗaki, idonka yana ganin fentin da ke kusurwa mai duhu, a lokaci guda kuma yana ganin tudun rairayin da rana ta haske a bayan taga, domin ido yana daidaita kansa da sauri ba tare da ka lura ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Idan ta auna ɗakin ta bayyana shi, taga za ta zama farin fili babu komai a ciki, idan kuma ta auna taga, ɗakin zai zama baƙi ƙirin. Abin da aka bar wa kyamara ta yanke da kanta yakan faɗa tsakiya, ya rasa duka biyun.

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙofar hasken lensi a f/8 ko f/11, sannan ka riƙa rage tsawon lokacin buɗewar kyamara har sai wurin da ya fi haske a hoton ya daina ƙonewa. Jadawalin haske da kyamara take nunawa shi ne alƙali a nan, domin allon kyamara yana yaudara a cikin duhu: idan tudun jadawalin ya manne da bangon dama, wani abu ya ƙone. Hoton zai fito da duhu a allo har ka ji kamar ka ɓata shi, amma duhun RAW ana iya ɗaga shi daga baya a kwamfuta, alhali farin da ya ƙone babu mai dawo da shi. Kada ka matse ƙofar haske ta wuce f/16 da zaton komai zai ƙara fitowa, domin daga nan hoto yana fara laushi ne. Ka sa kyamara ta jira daƙiƙa biyu bayan ka danna, don rawar yatsanka ta lafa, kuma ka kashe abin hana rawa na lensi muddin kyamara tana kan mai ƙafa uku.

Hanya ta biyu ta ɗakunan da bambancin ya yi yawa ce, irin waɗanda rana take shigowa cikinsu kai tsaye. A nan sai a ɗauki hoto uku ba tare da an motsa kyamara ba: ɗaya daidai da awon kyamara, ɗaya mai duhu da mataki biyu na ma'aunin hasken kyamara, ɗaya mai haske da mataki biyu, idan taga ta yi tsanani a kai su biyar. Yawancin kyamarori suna yin wannan da kansu idan an saita su, sannan manhaja irin Lightroom ta haɗa hotunan su zama ɗaya. Sai dai a yi hattara wajen haɗawar, domin manhajar tana iya haske kowace kusurwa har ɗakin ya rasa inuwa gaba ɗaya, ya zama kamar zanen fenti a jikin motar haya. Ɗakin da aka tashi aka bari tun 1956 yana da duhu, kuma ya kamata mai kallo ya ga duhun. Ni nakan bar kusurwa ɗaya aƙalla ta nutse yadda take, in kuma bar taga ta fi komai haske, domin haka ido ya gan ta.

Launi ma yana bukatar kulawa. Hasken da ya bugi rairayi yana tashi ya koma kan bango da silin da ɗan ja-ja mai ɗumi, kuma idan ya haɗu da tsohon fenti shuɗi yakan ba da launin da ba za ka samu a wani wuri ba. Kyamarar da aka bar ta tana daidaita launi da kanta tana ɗaukar wannan ja-jan a matsayin kuskure, sai ta wanke shi. Ka tsayar da ma'aunin launi a kan hasken rana, wajen 5,500 a ma'aunin Kelvin, ka bar shi a haka duk yini, ta yadda bambancin da ke tsakanin ɗakin safe da ɗakin hantsi zai fito a hotuna yadda ya faru.

Ba a Kolmanskop ake tattara kaya da zarar rana ta ɗaga ba, kamar yadda ake koya wa masu ɗaukar hoton fili. A gidajen da kwanon rufinsu ya tafi ya bar siraran katakai, hantsi shi ne lokacinsu, domin rana tana ratsowa ta tsakanin katakan ta zana ratsi-ratsin haske da inuwa a kan bango da rairayi, kuma ratsin yana lanƙwasa yana bin tudun yashi kamar zanen tabarma da aka shimfiɗa a kan tsibi. Wannan zane yana tafiya da rana, abin da ka gani yanzu ba shi za ka gani bayan minti goma ba, don haka idan ka sami irin wannan ɗaki ka kafa kyamara ka zauna ka jira ratsin ya iso inda kake so. Akwai masu watsa rairayi sama don hasken ya fito kamar igiya a cikin iska. Ban ga dalilinsa ba, domin yana ɓata shimfiɗar da iska ta kwana tana yi, ya cika kyamarar mai yin da ta wanda ke kusa da shi da yashi.

Inda za ka tsaya

Kafin ka taka cikin kowane ɗaki, ka tsaya a dokin ƙofa ka duba. Hoto na farko daga nan ake ɗaukarsa, domin sawun da ka yi ba ya gogewa sai iskar dare, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar ka shiga tsakiyar ɗaki ka waiwaya ka gane cewa hoton yana inda ka tattake. Idan ka gama da bakin ƙofa, ka bi gindin bango ka zagaya, wanda hakan kuma ladabi ne ga mai zuwa bayanka. A irin wannan tsayuwa ce mutum yake ganin ƙananan abubuwa: wata ƙofa mai fenti fari da rairayi ya kama a rabin buɗewa, ta yadda ba ta gaba ba ta baya, hannunta na ƙarfe bai fi taƙi ɗaya sama da yashi ba, a gabanta kuma siririn sawun ƙwaro ya ratsa zanen iska ya shige ƙarƙashin katako. Irin wannan ba ya bukatar faɗin lensi gaba ɗaya, matsowa kusa yake bukata da durƙuso.

Tsarin gidajen yana ba da kyauta ɗaya da ya kamata a nema, wato ƙofa cikin ƙofa. A gidaje da yawa za ka iya samun wurin da idan ka tsaya, za ka ga ɗaki na biyu ta ƙofar na farko, na uku kuma ta ƙofar na biyu, kowanne da launin fentinsa da irin haskensa, rairayi yana malala daga wannan zuwa wancan. Matsawa da taƙi ɗaya hagu ko dama yana buɗe wannan jeri ko ya rufe shi, don haka ka nemo wurin da ido tukuna kafin ka kafa mai ƙafa uku. Dogon lungun da ya ratsa asibitin, mai ƙofofi dama da hagu, shi ne babban misalin wannan, kuma a can gara ka tsaya a tsakiya sosai, domin ɗan karkacewa kaɗan yana bayyana a irin wannan hoto fiye da ko'ina.

Lensi mai faɗin gani yana da hali ɗaya da yake ɓata hoton gini: da zarar ka ɗaga bakin kyamara sama ko ka sunkuyar da shi, bangaye sai su karkace kamar za su faɗa wa juna. Maganinsa shi ne kyamara ta tsaya daidai, ba sama ba ƙasa ba, kuma yawancin kyamarori suna da ma'aunin daidaito a allo. Idan kana son rairayi ya fi yawa a hoton, ka sauke kyamarar gaba ɗaya ƙasa maimakon ka sunkuyar da ita. Da yake yashi ya ɗaga daɓen ɗakunan, sau da yawa za ka sami kanka a durƙushe kanka yana gogar silin, wani lokaci ma sai da rarrafe za ka wuce ƙofa, saboda haka ka sa tufafin da ba ka jin tausayinsu. Ka kuma bar ɗan sarari a gefunan hoto, domin gyaran karkata a kwamfuta yana cinye gefe.

Hoton waje yana da lokacinsa, wato minti talatin na farko bayan fitowar rana da na ƙarshe kafin faɗuwarta, lokacin da haske yake zuwa daga gefe ya fito da kaushin bango. Ka ja baya da nisa ka yi amfani da dogon lensi idan kana da shi, domin yana matso da tudun da ke bayan gida har ya zama kamar zai hau kansa. Wasu safiyoyin hazo yana tasowa daga teku, saboda ruwan sanyin Benguela da ke bin gaɓar, ya lulluɓe gari. Ranar da ka dace da haka ka fara da waje, amma ka riƙa duba lensi, domin laima da ƙura idan suka haɗu taɓo suke zama. Akwai wani tsohon bahon wanka da ke zaune a kan rairayi a fili wanda kowa ya ɗauke shi, kai ma ka ɗauka ka wuce.

Mai wayar hannu ba a bar shi a baya ba, domin wayoyin yanzu suna haɗa hotuna masu haske daban-daban da kansu. Abin da zai yi shi ne ya taɓa wuri mafi haske a allo, ya ja hasken ƙasa har taga ta bayyana, ya danne yatsa don saitin ya kulle, sannan ya jingina gwiwar hannu da gwiwar ƙafa ko da katakon ƙofa. Ya kunna layukan allo don bango ya miƙe, ya kuma yi hankali da lensin waya mafi faɗi, wanda yake miƙar da duk abin da ya kusanci gefe kuma ya fi sauran rauni a cikin duhu.

Lafiyarka da dokar wuri

Gidajen sun haura shekara ɗari, kuma ba dukkansu aka gyara ba. Akwai ƙusoshi da fasassun gilasai a ƙarƙashin rairayi, akwai daɓen katako da matakalar bene da suka ruɓe, don haka takalmi mai rufi da tauri wajibi ne, inda aka tare hanya kuma kada ka tsallaka don neman hoto. Kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin katako, tun da hamada ce mai macizai da kunamu. Ka riƙe ruwa isasshe da rigar sanyi, domin asubar wurin tana da sanyi ko da rana za ta yi zafi daga baya. Shingen da ke kewaye da garin iyaka ce ta gaske, bayansa haramtaccen yanki ne har yau, kuma dokar Namibiya ta hana mallakar ɗanyen lu'ulu'u ba tare da lasisi ba, saboda haka tsintar duwatsu a sa a aljihu ba wasa ba ne a can. Kada ka gusar da ƙofa ko kwalba ko katako don hoto ya yi kyau, kada kuma ka jingina da bangon da fentinsa yake ɓarewa.

Abin da gidajen ba sa faɗa

Manyan gidajen da suka fi jan ido, irin na manajan ma'adinai da akanta da mai zanen gine-gine, na Turawa ƙalilan ne. Waɗanda suka yi aikin, suka riƙa jan ciki a kan rairayi suna tsintar duwatsu, daga baya suka riƙa haƙa suna tankaɗe, 'yan ƙwadago ne baƙar fata, akasarinsu Owambo daga arewacin ƙasar, waɗanda aka kawo da kwantiragi aka ajiye a bariki daban, kuma sun fi Turawan yawa nesa ba kusa ba. Asibitin garin ya shahara da cewa shi ne ya fara samun na'urar hoton ƙashi a kudancin duniya, kuma jagororin wurin sukan bayyana cewa ba don jinya kawai aka kawo ta ba, har da binciken cikin ma'aikata ko sun haɗiye lu'ulu'u. Wanda ya san wannan zai tsaya a lungun asibitin da wani ido daban. Ka tambayi jagora inda ma'aikatan suka zauna da abin da aka yarda a ɗauka, ka kuma ba ɗakin tarihin da ke babban zauren lokaci, domin tsofaffin hotunan da ke ciki suna nuna mutanen da kangayen suka ɓoye.

Da ka koma masauki, kafin ka buɗe ramin kati ko na batir, ka share jikin kyamara da buroshi tana kife, ka hure lensi, ka zazzage jaka a waje, ka kuma ware ƙafafun mai ƙafa uku ka goge su da busasshen tsumma. Sannan ka kwafe hotunan wuri biyu, ka rubuta wa kowanne sunan gini da ƙarfe nawa aka ɗauke shi tun kana iya tunawa, domin bayan mako ɗaya ɗakin malamin makaranta da ɗakin akanta za su rikice maka, kuma idan Allah ya sa ka sake komawa, wannan rubutu ne zai gaya maka ƙofar da za ka fara tsayawa da asuba.